Rumbu, buhun leda ko ganga: ina ya kamata a zuba amfanin bana?

Bara waccan, cikin Oktoba, na yi abin da nake gani dabara ce. Sabuwar masara ta fara shigowa Sakkwato daga kudu da mu, farashi ya sauko, na sayi buhu biyu, na juye su cikin buhun nan mai leda biyu a ciki, na ɗaure tam, na jingine a ɗakin ajiya ina jin na gama da maganar tuwo har damina. Bayan wata huɗu na kwance ɗaya. Warin tsami ne ya fara tarbata, kamar na buɗe ƙullun koko da ya kwana uku. Ta sama ta dunƙule, ledar ciki ta yi gumi. Kawuna, wanda ya tsufa yana noma a wajen Wurno, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya murza a tafinsa, ya kai ɗaya baki ya ciza, ya tofar.

"Wagga masara ba ta bushe ba anka ɗaure ta," in ji shi. "Laihinka na, ɗana, ba na buhu ba."

Tun ranar na daina tambayar wace ma'ajiya ce ta fi. Tambayar da nake yi yanzu ita ce wane hatsi za a zuba, ya bushe ko bai bushe ba, kuma wata nawa zai yi.

Maƙiyan ajiya biyu ne, ƙwari da funfuna, amma yawancinmu na farkon kaɗai muke lissafawa, don shi ido ke gani. Wake ya yi huji-huji, gero ya zama gari a gindin buhu, kowa ya san an yi asara. Ita funfuna ɓarnarta ba ta tsaya ga launi da wari ba. Akwai wata iri da masana ke kira Aspergillus flavus, tana zaune cikin ƙasar gona, idan ta kama gyaɗa ko masara takan fi fitowa kore-kore mai ratsin ɗorawa, kuma tana zuba wata guba da ake kira afalatoksin. Gubar ba ta da wari, ba a ganinta, kuma ƙwayar da take ɗauke da ita na iya zama fes a ido. Tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta raba abinci da ita. Tuwo ya nuna, kunu ya yi kauri, tana nan.

A 1960 aka fara gane ta, lokacin da talo-talo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Burazil. A 2004 kuma mutane ta kashe kai tsaye: a gabashin Kenya an lissafa mutum 317 da suka kwanta bayan cin masarar da suka noma suka adana da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu. Irin wannan mutuwar farat ɗaya ba kasafai take faruwa ba. Abin da ya fi shafarmu shi ne ci kaɗan-kaɗan na shekaru, wanda ke cin hanta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa afalatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma haɗarin yakan ninka sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a Arewa. Binciken da aka yi kan ƙananan yara a Benin da Togo ya nuna waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Don a gane ƙanƙantar abin da ake magana: Amurka ba ta yarda ya wuce kashi 20 cikin biliyan a abinci ba, wato giram ɗaya a cikin buhu 500 masu kilo 100. Tarayyar Turai ta fi tsanani, kashi 4 ne iyakarta ga gyaɗar da za a ci kai tsaye.

Wani zai ce mu a Sakkwato ina muka ga danshi, garin da wanki ke bushewa kafin ka gama shanya? Gaskiya ne hunturu da bazara suna yi mana aikin da mutanen kurmi ke biyan kuɗi a yi masu. Amma akwai ƙofa uku da gubar ke shigo mana. Ta farko a gona take: idan ruwa ya ɗauke makonnin ƙarshe kafin a cire gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, shukar ta galabaita, ɓawo ya tsage, funfunar ta shiga tun ba a taɓa ta ba. Ɗaukewar ruwa da wuri kuwa ba labari ba ne a Gada ko Illela ko Tangaza. Ta biyu ita ce masarar da ake kawo mana daga inda ruwa ke kaiwa Oktoba, an yi mata sussuka da gaggawa don a riski kasuwa. Ta uku ita ce malka. Hatsin da ya bushe ƙayau a Janairu, idan ya kai Agusta cikin buhun da iska ke ratsawa, a kan daɓe, jingine da bangon da ke tsotsar ruwa, zai sake shan danshi.

Kuma ba duk amfani ne haɗarinsa ɗaya ba. Gyaɗa, ko gujjiya kamar yadda muke cewa nan, ita da masara su ne a gaba nesa. Dawa na biye. Gero ya fi su tsira, shi ya sa na kan ce iyayenmu ba su yi wauta ba da suka riƙe shi. Wake kuwa babbar matsalarsa ƙwaro ne, da abin da mutane ke zuba masa don gudun ƙwaron.

Mu fara da rumbu, tunda shi muka gada. Ƙarfinsa a cikin damin yake. Gero ko dawa da aka bari a zangarniya, aka ɗaure dami-dami, aka jera a rumbun da aka ɗora kan duwatsu, iska na bi ta tsakani tana ƙarasa busar da abin da rana ta rage. Ƙaiƙayin da ke lulluɓe da tsaba yana rage wa ƙwari hanya. Ba ka sayen komai sai gyaran jinka. Rufewa ta laka kuma tana riƙe sanyi da rana fiye da kowane ƙarfe. Gero a dami, cikin rumbu mai jinka mai kyau, yakan shekara har ya wuce lafiya lau, kuma ban ga dalilin da zai sa manomi ya sussuke shi duka ya kai buhu don kawai ana yayin buhu ba. Inda rumbu ke ba da kunya shi ne yoyon jinka, da gara, da kusu, da kuma al'adar zuba sabo a kan tsoho ba tare da an share an bar ciki ya sha iska ba. Ga wake bai da wani amfani sosai, ƙwaro tun daga gona yake biyo shi. Sannan akwai abin da kowa ya sani: a wasu ƙauyukan gabashin jiha, barin abincin shekara a rumbu a fili ya zama abin tunani saboda rashin tsaro, shi ya sa da yawa suka koma sussukewa su shigo da shi ɗaki ko su kawo birni.

Daga nan ake faɗawa hannun buhun da aka saba, na saƙar roba, da abokin tafiyarsa magani. Shi ne mafi arha ranar saye, kuma shi na fi ƙi idan ajiyar za ta wuce wata uku. Buhun ba ya hana komai shiga: ba danshi, ba ƙwaro, ba kusu. Don haka sai an haɗa da magani, maganin kuma ƙwari yake kashewa, ba ruwansa da funfuna. Mutum ya zuba hoda ya ga babu ƙwaro ko ɗaya, hankalinsa ya kwanta, alhali masarar tana shan laimar Agusta. An bar guba ɗaya a inda take, an ƙara mata ta biyu.

Ƙwayar nan mai fitar da iska, wadda ake sayarwa da suna Phostoxin da makamantansa, 'yan kasuwa na ce mata bam, an yi ta ne don wurin da aka toshe ruf, nesa da inda mutane ke kwana, a hannun wanda ya san aikin. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Amma sai ka ga an jefa ta tsirara cikin buhun saƙa, a ɗakin da yara ke barci. Iskar ta tsere ta ramukan buhu kafin ta kashe ƙwan ƙwarin, ta cika ɗakin, tokar ƙwayar ta rage cikin hatsi. Fiya-fiya kuwa, da Sniper da danginsu masu sinadarin dikulobos, ba a yi su don a yayyafa wa abin da za a ci ba sam. Saboda wannan sinadarin ne Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi, ta hana ƙananan kwalabensa. Waken da Turawa suka ƙi karɓa dai bai ɓace ba, tukwanenmu ya shiga. Idan ka je sayen wake cikin bazara ka ga buhu a buɗe, ba ƙwaro ko ɗaya, ko ƙuda ba ya sauka, ka ɗebo ka sunsuna, ka tambaya a me aka ajiye shi.

Buhun saƙa yana da wurinsa: ɗaukar kaya zuwa kasuwa, ajiyar wata ɗaya ko biyu cikin hunturu, da gyaɗa mai ɓawo wadda zan zo kanta. Ko a nan ma a ɗora shi kan katako, a bar tazara tsakaninsa da bango.

Buhu mai leda biyu, wanda aka fi sani da PICS, daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito. A arewacin Kamaru aka fara gwada dabarar a kan wake wajen ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana yin sa a Kano. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Ana ɗaure kowace daban, a murɗe bakin a lanƙwasa kafin a ɗaure. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar numfashin da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Ba magani ko ɗigo. Ga wake ban san abin da ya kai shi ba: ka ɗaure a Nuwamba, ka kwance a Yuli kamar jiya aka casa shi. Ta fuskar funfuna ma yana da fa'ida babba, don ledar na hana danshin damina shiga, funfunar kuma tana bukatar iska kafin ta yaɗu.

Amma abin da aka zuba masa shi yake tsarewa. Ba ya busarwa, kuma ba ya cire gubar da ta riga ta shiga tun daga gona ko wurin shanya. Ka zuba mai danshi, ka samu abin da na samu. Ya fi buhun saƙa tsada nesa, sai dai yana yin shekara biyu ko uku idan an kula. Huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin, don haka kafin a zuba a hura ledar a matse a ji ko tana sacewa, a tsince tsakuwa da karmami, a nisanta shi da kusu. Akwai na jabu masu siririyar leda a kasuwa, a taɓa a ji kaurin. Sannan ba ya son buɗe-buɗe. Buhun da uwargida za ta riƙa ɗiba kowace safiya ya tashi daga aikinsa.

Ganga ta ƙarfe mai marfin da ke rufuwa gam aikinta ɗaya da na ledar, ta kuma fi shi da abu biyu: kusu ba ya huda ta, kuma tana shekaru. Mai lita 200 tana cin kusan buhu ɗaya da rabi. Sai an cika ta har baki, in ba haka ba iskar da ta rage za ta ishi ƙwari. Kada a bar ta a rana. Zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40, ƙarfe ya gasu da rana ya huce da dare, gumi ya taru a jikin bango ta ciki, hatsin da ke wurin ya jiƙe. A kuma san abin da gangar ta taɓa ɗauka, wadda ta ɗauki maganin feshi ko man inji ba ta abinci ba ce ko an wanke. Ga gidan ma'aikaci da ke sayen kwano ashirin ko talatin, jarkar man girki mai lita 25, a wanke a bushe sarai, ta fi komai sauƙi: ka cika su, ka riƙa buɗe ɗaya-ɗaya, sauran suna rufe.

To yaya ake sanin ya bushe? Masana na cewa danshin masara da dawa kada ya wuce kashi 13 cikin 100, na ɓararriyar gyaɗa kuma wajen 7 zuwa 8. Ba kowa ke da na'urar awo ba. Haƙori na taimakawa: busasshiyar masara fashewa take da ƙara, mai danshi lotsawa take. Busasshiyar gyaɗa idan ka girgiza ta cikin ɓawo za ka ji tana kaɗawa. Wanda ya fi waɗannan shi ne gwajin gishiri. A samu kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe sosai, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bari ya ɗan jima, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ɗauri ba, a mayar da shi rana. Shanyar kuma a kan tamfol ko tabarma, ba a kan ƙasa ko gefen kwalta ba, tunda cikin ƙasar funfunar take, a kuma tattara kafin raɓa ta sauka.

Gyaɗa ce ke bukatar dogon zance. Ɓawonta shi ne rumbunta na farko, don haka in ba sayarwa za a yi gobe ba, a bar ta a ciki. Mai ɓawo da ta bushe sosai tana zama lafiya a buhun da iska ke ratsawa, kan katako, har ƙarshen bazara. In za ta shiga damina, buhu mai leda ya fi, sai dai a kula don tsinin ɓawo na iya huda ledar. Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari: yayyafa mata ruwa kafin ɓara don ɓawon ya yi laushi ƙwaya kada ta fashe, ko don ta ƙara nauyi. Wannan ruwan kaɗan ya isa ya tayar da funfuna cikin kwanaki.

Na taɓa zama kusa da Inna tana tsintar gyaɗar kunu a faifai. Hannunta na tafiya kamar ba ta kallo, tana ture yamutsattsu gefe, da masu baƙin tabo, da fasassu, da waɗanda tsutsa ta ci. Cikin kwano guda ta fitar da abin da bai cika tafi biyu ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yawancin gubar buhu guda tana tattare ne a irin waɗannan 'yan ƙwayoyin, shi ya sa tsinta ke rage ta ƙwarai. Na tambaye ta ina za ta kai su.

"Kaji na nan," ta ce. "Ko a ba masu ƙuli, suna saye da rahusa."

Nan gizo ke saƙa. Gubar da aka tsince daga kwano ɗaya ta koma wani. Idan aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙulin da yara ke gurgura a hanyar makaranta, da garin da ake haɗa yajin tsire da shi, da wanda ake zubawa a kwaɗo. Man da aka tace a masana'anta yakan rabu da ita, na gida wanda ba a tace ba yana iya ɗaukar wani abu. In dabba aka ba, kaji su rage ƙwai su yi ta mutuwa ba a san dalili ba, saniya kuma ta fitar da wani kaso a nononta, ya dawo mana cikin fura. Haka dusar masarar da ta yi funfuna: surfe da wanki da zubar da abin da ya taso saman ruwa suna rage gubar a tuwo, amma a dusar take taruwa. Abin da aka tsince a binne shi ko a ƙone. Mai sana'ar ƙuli kuma da za ta sayi gyaɗa mai kyau ta tsince da kanta, ko da za ta ɗan ƙara kuɗi, ni ita zan riƙa nema.

Ga manomin gyaɗa da masara akwai wani abu da ake yi tun a gona. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce da aka gasa aka lulluɓe da irin wannan funfunar amma wadda ba ta yin guba, aka rina ta shuɗi. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna tana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ba ta maye gurbin shanya, kuma tana son ƙasa da ɗan danshi lokacin watsawa, don haka a nan sai an dubi sama kafin a zuba.

Da za a tambaye ni, manomin da ke da rumbu mai lafiya a wurin da hankalinsa ya kwanta ya bar geronsa da dawarsa a dami, ya kashe kuɗinsa kan buhu mai leda saboda wake. Ɗan kasuwar da ke tara wake don bazara ya lissafa kuɗin maganin da yake zubawa sau biyu ko uku, da ramar da ƙwaro ke yi masa duk da haka, ya gwada da kuɗin buhun da zai yi masa shekara uku. Mai albashi a cikin gari ya nemi jarkoki ko ganga ɗaya. Masara kuwa, ko wane ne kai, kada arhar Oktoba ta ruɗe ka sai in kana da filin shanya da haƙurin kwana huɗu ko biyar kana juyawa. In babu, jira Disamba, lokacin da hunturu ya gama aikinsa, ka biya ɗan ƙarin.

Bana sai da buda ta sauka na sayi tawa. Na baza ta kan tamfol a tsakar gida kwana uku duk da mai ita ya rantse ta bushe, na yi gwajin gishiri sau biyu, na farko ya ɗan manne, na biyu ya zube fes. Kawu ya zo ya ciza ɗaya, ta fashe, ya miƙo mani igiya.